Shekarar da Na Hana Baba Lasisi

Na san abin da kuke ji a gidan nan tun kuna ƙanana. Duk sanda aka taru, da suna ko da salla, sai wani ya jawo zancen, ya ce ai babanku mutum ne da ya hana ubansa lasisi. A yi dariya, baffanku Nasiru ya ƙara gishiri, ni kuwa in yi murmushi in ci gaba da cin tuwona. Maganar gaskiya ce, na hana shi. Amma yadda ake ba da labarin, kai ka ce wani mugun ɗan boko ne ya harɗe bayan tebur ya kori tsoho. Yanzu da na yi ritaya, hannuna kuma bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, kada in tafi in bar ku da rabin zance.

Kakanku Malam Haruna majemi ne, ɗan majemi. Duk wanda ya shigo zauren gidanmu na Ƙofar Jatau, da warin jima yake fara gaisawa kafin ya gaisa da mutane. Jima kuwa ba ta yiwuwa sai da bagaruwa, ita ake dakawa a jiƙa fata a ruwanta. Sauran majema a kasuwa suke sayen tasu, shi ko ya ce ta kasuwa an cakuɗa ta da ɗanya, ba zai ɓata fatar mutane da ita ba. Da kansa yake zuwa wani gandun daji da ubansa ya nuna masa tun yana yaro, inda ya san itatuwan ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna ya raɗa musu. Da jaki ya fara zuwa, ya koma keke, daga baya ya sayi babur. Bayan jima, shi ne kuma malaminmu na allo. Kullum da asuba a zauren nan yake zaunar da mu. Ni ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Da ina yaro "kai" ne sunana, da na sami aiki a ofishin gandun daji sai na koma "Ma'aikaci", kuma yadda yake jan kalmar ba ka sanin yabo ne ko zolaya.

A shekarar da nake ba ku labari, Baba ya faɗi da babur sau biyu a hanyar dajin. Ya ce yashi ne. Muka ce ya bari, ya ce sai dai mu bari. Nasiru, da yake aiki a Fatakwal kuma hannunsa a sake yake, ya ce tunda tsohon ya ƙi zama, a sama masa abin da ba ya faɗuwa. Sai ga babbar mota ta sauke mana wani babur mai ƙafa huɗu, jajir, tayoyinsa kamar turame, da wurin zaman mutum biyu da ragar ɗaura kaya. Ya ƙi shiga zaure. A ƙofar gida aka ajiye shi aka lulluɓe da tabarma, unguwa kuma ta yi kwana uku tana zuwa kallo. Baba ya zagaya shi, ya shafa bayansa, ya ce:

"To, Allah ya yi wa Nasiru albarka. Ya ga na tsufa, ya mayar da ni kan jaki."

Sunan da ya bi shi ke nan, Jakin Nasiru. Cikin mako guda Baba ya iya shi a filin bayan ganuwa, ya kuma shirya a kai masa shi gidan wani amininsa a ƙauyen bakin daji, ya riƙa ɗauka daga can.

Sai dai akwai abin da Nasiru bai sani ba. A damunar da ta wuce, ofishinmu ya kafa doka a kan irin waɗannan babura. Samari sun fara shiga da su hanyoyin daji, suna tattake dashen da muka yi shekaru muna raino. Akwai kuma wani kwazazzabo a tsakiyar gandun, da 'yar siririyar gada ta katako, inda wani matashi ya zarce da nasa. Ina cikin waɗanda suka ɗauko shi, kuma har yau ba na son tuna yadda muka same shi. Bayan wannan aka ce duk mai son hawa hanyar daji sai ya karɓi lasisi daga wurinmu: ya zama baligi, ya sa hular kwano, ya bi hanyar da aka shata kawai, ya zagaya tsakanin ganguna a gabanmu ba tare da ya ture ko ɗaya ba, sannan a gwada idonsa. Mu biyu aka ɗora wa aikin, ni da abokin aikina Mista Bulus, mutumin kudancin jiha, mai haƙuri da son raha. Shi ke duba tuƙi, ni ke duba ido in buga hatimi.

Da na gaya wa Baba, dariya ya yi.

"Dajin da na fara shiga ubanka ma bai yi kaciya ba, shi zan nemi izini a wurinka?"

"Baba, ai kai ne uban nawa."

"To shi nake nufi."

Amma ya yarda zai zo, don shi mutum ne mai son a ce ya bi ƙa'ida. Abin da ya dame ni guda ne. Kwalin gwajin idonmu da baƙaƙen boko aka rubuta shi, Baba kuwa bai san ko ɗaya ba, kuma ban so ya tsaya gaban mutane ana nuna masa harafi yana shiru. Sai na nemi izinin shugabanmu in yi wani da baƙaƙen allo, saboda tsofaffi irinsa. Na sami farin kwali, na auna girman kowane layi daidai da na bokon, na zauna na rubuta. Ban tsaya tunanin me zan rubuta ba. Hannuna ya bi hanyar da ya saba tun ina ɗan shekara biyar, wato baƙaƙen A'uzu billahi da kowane ɗan makarantar allo yake farawa da su. Alu babba a sama, sauran suna ƙanƙancewa a ƙasa, layi huɗu. Inda kwalin ya ƙare, nan na tsaya, a kan ha kuri. Ina ta jin daɗi na yi dabara, ban san garin gyaran gira zan taɓa ido ba.

Ranar gwaji Baba ya zo da babbar riga da sabuwar hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya naɗe rigar a kafaɗa, ya hau Jakin Nasiru, ya zagaya gangunan nan a hankali bai taɓa ko ɗaya ba. Daga baya na gane tun da ya iso ya bi su da ƙafa yana dafa kowacce, wai yana duba ko da ruwa a ciki. Mista Bulus ya tafa masa. Muka shiga ofis, na rataya kwalin a bango, na tsayar da shi a kan layin da muka ja a ƙasa. Na ce masa wannan da baƙaƙen allo na rubuta.

"Madalla," in ji shi. "Ido ba mudu ba, ya san kima. Nuna mu gani."

Na ɗora sanda a kan na sama.

"Alu."

Na sauko.

"Ambaki, wau."

Na sake saukowa. Muryarsa ta fara ɗaukar waƙar nan da yake biya mana da ita da asuba.

"Zal, ba, alu. Lam, lam, ha kuri."

Na sauke sandar, zuciyata fari ƙal. Na buɗe baki zan ce shi ke nan, sai na ji ya ci gaba, idonsa a kan bango, fuskarsa a sake:

"Mim, nun ara. Alu, lam, shin."

Babu mim a kwalin nan. Babu nun ara. Ƙasan ha kuri ba komai sai farin bango da wata tsohuwar ƙusa. Ban ma san sanda na sake ɗaga sandar ba, na ɗora ta a kan wau, can layi na biyu, na ce a hankali:

"Baba, wannan fa?"

Ya ɗan matso da kai gaba, ya ƙanƙance ido, sannan ya ce, "Ya." Harafin da ke bin shin ke nan a karatu. A nan na tuna faɗuwar nan biyu da aka ce yashi ne.

Mista Bulus bai san alu ba, bai san wau ba. Shi dai ya ji tsoho yana zuba karatu ba gargada, ya riga ya miƙo mini hatimi yana dariya.

"Oga, Baba ya fi mu ido. Ya ci, ko?"

Ku lura da wannan, don shi ne abin da masu ba da labarin ba su sani ba. A ɗakin nan ba wanda ya san abin da ya faru sai ni, sai Allah. Da na buga hatimin, ba mai tuhumata har abada. Ga ubana tsaye da sabuwar hularsa, bai taɓa neman komai a wurina ba sai ran nan. Na kalli takardar, abin da nake gani kuwa gadar katakon nan ce, da faɗinta da bai wuce tayoyin babur ɗin da taku guda ba. Na ajiye hatimin na ce:

"Bai ci ba."

Baba bai tambaye ni dalili ba. Ya warware rigarsa daga kafaɗa, ya yi wa Mista Bulus sallama da kyau, ya fita. Ni ko kallona bai yi ba. Na sauke kwalin na naɗe, don akwai sunan Allah a jiki, ba zan bar shi inda za a share shi da shara ba. Na kawo shi gida na ɗora a kan littattafan zaure.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi tsawon ranin da na taɓa gani. Nasiru ya bugo waya yana faɗa, ya ce in aikin gwamnati ne ya hana ni sanin ubana, to in jiƙa hatimin in sha. 'Yan unguwa suka ce boko ya yi mini yawa. Ban gaya wa kowa dalili ba, don faɗinsa tona asirin Baba ne, shi kuwa bai ba ni izini ba. Kullum da safe in durƙusa in gaishe shi, ya ce "lafiya" ya juya kai. "Ma'aikacin" ma ya daina. Da zai iya satar hanya ya shiga dajin ba lasisi, don masu gadi duk sun san shi, amma bai yi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Bagaruwa ta nuna ta zube a can, shi yana zaune a zaure. Ya aika aka sayo ta kasuwa, ya ɗebo ya murza a hannu, ya sansana, ya ture kwaryar gefe. A watannin nan na ga ya tsufa a gaban idona, na kuma san da hannuna a ciki. Sau da yawa na ɗauko takardar da niyyar in buga hatimin in huta, in sake mayar da ita aljihun tebur.

Kakarku, Inna, ita ta kira ni wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Idon ne, ko?"

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara biyu ke nan ban canja wa butarsa wuri ba, ko tsintsiya ba na bari a hanyarsa. Ka ga ya ƙara buɗe littafi? Da ka yake karatunsa. Ya ɗauka ban gane ba, ni kuma na bar shi a haka."

"To me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

"Wa zai faɗa? Kai dai Allah ya ɗora wa." Ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Amma ka hana shi hawa, ba ka ba shi komai a madadi ba. Jakin nan ba mazauni biyu gare shi ba?"

Ita ce kuma ta lallashe shi muka je asibiti. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce ta gaji, sai dai a riƙa ɗiga magani don a riƙe ɗan abin da ya saura.

Dokarmu ta yarda a ɗauki mutum a baya in babur ɗin mai mazauni biyu ne, kuma kowa ya sa hular kwano. Saura ni in sami lasisi, ni da ko babur mai ƙafa biyu ban cika iyawa ba. Mista Bulus ya gwada ni, na ture ganga uku, ɗaya har ta gangara ta shiga lambun ofis. Ya rubuta "bai ci ba" da manyan baƙaƙe, yana dariya har da hawaye. Ban san wanda ya kai wa Baba labari ba. Washegari na durƙusa na gaishe shi, sai na ji ya ce:

"Ma'aikaci, an ce ganguna sun sha wuya."

Ban taɓa jin daɗin zolaya kamar ta ran nan ba. Sai a karo na uku na ci.

Ko da na kawo lasisin, da ƙyar ya yarda. Ya ce shi bai haifi ɗan da zai goya shi kamar buhun gero ba. Inna ta ce daga cikin ɗaki, "A da wa ya goya yaron a jaki zuwa dajin nan? Bashi ne, bari ya biya." Hular kwanon ma sai da aka yi daru, ya ce ba zai kifa tukunya a ka ba, a ƙarshe ya ɗora ta a kan hularsa, igiyar na reto, sai da na tsaya na ɗaure masa da hannuna.

Muka shiga dajin da hantsi, a ƙarshen rani. Ni ke riƙe da kan babur, amma shi ke tuƙi. Yana dafe da kafaɗata, in ya matsa ta dama in yi dama. Ya ce rage gudu, akwai saiwar marke a gaba, sai ga saiwar. Ya ce za mu wuce gidan tururuwa, sai ga shi. Ni da nake da taswirar gandun a ofis, ban san rabin abin da ya sani ba. Da muka doso kwazazzabon na tsaya cak. Na ga gadar sarai, na ga katako ɗaya ya zame daga gefe, ya bar rami. Baba ya ɗaga kai yana kallon gaba.

"Me ya tsayar da kai? Ai da saura kafin gada."

Tayar gaba ba ta fi taku biyar da bakin ramin ba. Na ce masa mun iso. Na ji hannunsa ya ƙara nauyi a kafaɗata. Muka sauka, na gyara katakon, na riƙe hannunsa muka haye da ƙafa, sannan na komo na tsallako da babur ɗin.

A gindin wata tsohuwar bagaruwa da yake kira Gwaggo muka zauna. Ya lalubo 'ya'yanta a ƙasa, ya karya ɗaya, ya sansana, fuskarsa ta koma irin ta da. Muka cika buhu biyu da ɗan abin da awaki suka rage. Da muka zauna shan ruwa sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Ko alun ban gani ba."

Ya kurɓi ruwa, ya ci gaba:

"Da ka ce da baƙaƙen allo ka rubuta, na san inda hannunka zai fara. Ni na ɗora shi a kan alƙalami."

Na ce, "To Baba, da ka tsaya a ha kuri, ai da ban gane ba."

"Ina na san ka tsaya? Ni dai ban taɓa koya maka ka yanke A'uzu a tsakiya ba."

Muka yi dariya, ni tawa da hawaye a ciki. Bai ce na yi daidai ba, ban kuma ce ya yafe mini ba. Mu ba a haka muke magana ba. Ya dai miƙo mini sauran ruwan da ya sha, na shanye.

Rani shida muka yi muna zuwa tare, duk Asabar, har lokacin da daji ya lalace da miyagu, shiga ta gagari kowa. Waɗannan Asabar ɗin su ne mafi daɗin kwanakin da na yi a duniya, kuma da na buga hatimin nan ba zan same su ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, ranin farkon da na raba shi da dajinsa bai dawo ba, kuma har yanzu ina tuna shi zaune a zaure yana ture kwaryar nan. Bai taɓa gaya wa Nasiru abin da ya faru a ofis ba, ni ma ban faɗa ba, shi ya sa baffanku yake ba da labarin yadda yake bayarwa. Kada ku ga laifinsa, shi ma son Baba ne ya sa shi faɗa.

Bayan rasuwarsa, da muka buɗe akwatin littattafansa, a can ƙasa na tarar da kwalin, a naɗe cikin wata jar fata da ya jeme da kansa. Na warware. Layukana huɗu suna nan yadda na bar su. A ƙasan ha kuri, inda wuri ya ƙare mini, an liƙa wata takarda da ƙaro an ci gaba da tawadar allo. Baƙaƙen manya ne, a karkace, wasu sun hau kan wasu, wani ma ya fita daga takardar, rubutun wanda ba ya ganin abin da hannunsa ke yi. Mim, nun ara, alu, lam, shin, har zuwa mim ɗin ƙarshe na rajim, bai tsallake ko ɗaya ba.

Yana nan cikin akwatina, a fatarsa. In kun tashi rabon kayana, kada ku raba takardar da kwalin.